Matambayi Ba Ya Ɓata: Tafiya Duwatsun Kurmin Kpalime

Wasiƙun da suka shigo mana a wannan karon kusan duk sun taru a wuri ɗaya, wato duwatsun kurmi na yammacin Togo, kewayen garin Kpalime. Tun da kayan ƙasarmu suka yawaita biyowa ta tashar jiragen ruwa ta Lome, ƴan kasuwar Yamai da Tawa sun ƙara yawan zirga-zirga can, suna dawowa da labarin duwatsun da hadari ke kwanciya a kansu. Mun taƙaita wasu tambayoyin, ga amsoshinsu.

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Katako. Nakan je Lome in yi kwana huɗu ko biyar ina jiran takardun kaya, ba abin da nake yi sai zaman masauki da shan shayi. An ce mini akwai duwatsu masu sanyi kusa. Ina ne, yaya ake zuwa, kuma wane wata ya fi?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kwana biyu daga cikin kwanakin jiran nan sun ishe ka. Kpalime tana arewa maso yammacin Lome, tazarar kilomita 120, kusa da iyakar Gana, kuma hanyar kwalta ce. Motocin haya suna da tasharsu a Lome, kowane ɗan zemijan, wato mai babur na haya, ya san ta. Sai mota ta cika take tashi, saboda haka ka yi sammako, ka ƙiyasta awa biyu zuwa uku a hanya.

Garin kansa yana gindin duwatsu ne, ba a kansu ba, kuma da rana yana da zafinsa. Sanyin yana sama. Kafin ka isa garin za ka ga dutsen Agu ya tsaya shi kaɗai ta hannun dama, tsayinsa mita 986, ba wanda ya kai shi a duk Togo. Akwai ƙauyuka a jikinsa, da gonakin koko da kafe da fiya da ayaba, ana hawansa da ƙafa, akwai kuma hanyar mota mai lanƙwashe-lanƙwashe har kusa da ƙololuwa. Ta ɗaya gefen garin kuma, wajen kilomita 12, akwai ƙauyen Kuma-Konda da dutsen Kloto. Hanyar zuwa can tana ratsa kurmin Misahohe, inda Jamusawa suka kafa barikinsu a 1890, kaburburansu na nan har yau. A kan wani tudu kusa da nan akwai gidan dutse da wani lauya Bafaranshe mai suna Viale ya gina a shekarun 1940. Idan sarari ya washe, daga kan Kloto ana hango ruwan tafkin Volta a cikin Gana. Kuma-Konda ta yi suna wajen malam-buɗe-littafi iri-iri, da ƴan jagora da suka san sunan kowane itace da amfaninsa. In kwana biyu gare ka, ka ba Kloto da mafaɗar ruwa ta Wome rana ɗaya, ka ba Agu rana ɗaya. Tudun Danyi da mafaɗar ruwan Aklowa ta wajen Badu suna da nisa, sai wanda ke da kwana huɗu.

Batun wata kuwa, kada ka auna da damanarmu. Kudancin Togo damana biyu gare shi: babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a Satumba da Oktoba, ruwan yakan ɗan tsagaita a Agusta. Abin da ke sauka a duwatsun nan a shekara ya kusa ninka na Yamai sau uku. A ganinmu Nuwamba ya fi kowane wata: ruwa ya ɗauke, ƙoramu na cike, hanyoyi sun fara shan iska, sarari kuma garau. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙasa ta bushe, tafiya ta yi sauƙi, amma hazon hunturu yana kaiwa har can, sai ka sha wahalar hawa ka tarar ba abin da kake hangowa. A Fabrairu da Maris wasu mafaɗun ruwan sukan ƙanƙance, musamman ta Kpime da aka yi wa madatsar lantarki a sama.

Kai da ka saba hanya ka san sauran, amma saboda masu karatu: kuɗin sefa ɗaya ne da namu, ba canji. Agogon Togo yana bayan na Nijar da awa ɗaya. Ana tambayar katin allurar shawara, allurar kuma sai ta kwana goma take fara aiki a takarda, sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Tun Yulin 2023 lamarin iyakoki yana sauyawa, hanyar Burkina da ƙuryar arewacin Togo kuma suna fama da rashin tsaro, don haka mai niyyar yawon buɗe ido da iyali ya bi jirgin sama daga filin Diori Hamani zuwa Lome, ko ya tabbatar da halin hanya a tasha ranar da zai sayi tikiti.

Ni malamin makaranta ne a Tawa. Mun saba da zafin digiri 45, mun saba da tafiya a kan duwatsun Adar tun muna yara. Dutsen da bai kai mita dubu ba, har sai an yi masa wani shiri? Abokaina uku da ni muna so mu hau Agu da ƙafa.

Malam, tsayin ba shi ne abin ji ba, a nan kana da gaskiya. Bagzam ɗinmu na Ayar ya kai mita 2,022, ya ninka Agu, kuma ciwon ƙarancin iska ba ya fara kama mutane sai wajen mita 2,500. Abin da zai ba ku wuya shi ne laima. Duk sanin da mutumin Adar ya yi wa daji, sanin rana ne da ƙishirwa da ƙaya. Kurmi da jiƙa yake kayar da baƙo.

Ga yadda abin yake. A Tawa cikin bazara iska busasshiya ce, gumi na fitowa yana bushewa, bushewar nan ita ke sanyaya jiki. A cikin kurmi iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, gumin ba ya da inda zai je, sai ya yi ta zuba yana jiƙa riga, jikin kuma bai huce ba. Shi ya sa za ka ga ƙato ya zauna yana haki a digiri 30. Ruwa da gishirin jiki suna tafiya, ƙafa ta fara ɗaurewa, kai ya fara sarawa. Kowannenku ya ɗauki lita uku, ya riƙa kurɓar wajen rabin lita a kowace awa ba tare da jiran ƙishirwa ba. Lita ɗaya daga ciki a haɗa ta da ƙunshin gishiri da sukari na farmasi. In babu, a zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya. Ruwan ƙorama komai haskensa akwai ƙauye a samansa. A tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa yadda aka rubuta a jikin takardarta a jira minti 30.

Sai takalmi, wanda ya fi komai muhimmanci a jakarku. Dutsen Adar yana da kaushi, yana riƙe ƙafa. Hanyar Agu jan yumɓu ce, da saiwoyi a kwance, da duwatsun da gansakuka ta lulluɓe. Takalmi mai ƙasan fata, da silifa, da kambas ɗin da ƙasansa ya suɗe, duk su zauna a masauki. A nemi mai ƙasan roba da zane mai zurfi, wanda ake ɗaurewa da igiya. Kada ya zama sabo fil: a sa shi a yi ta yawo a gari mako biyu kafin tafiya, in ba haka ba bororo zai tashi tun ba a yi rabin hanya ba. Jiƙaƙƙiyar safa ita ke kawo bororo, saboda haka a riƙe wata busasshiya a cikin leda. A yanke farcen ƙafa, don a gangara yatsu suna tokarar bakin takalmi, dogon farce yakan yi baƙi ya fita.

Shadda da yadin auduga mai kauri suna shan ruwa su yi nauyi, ba sa bushewa. Yadin rigunan ƴan ƙwallo ya fi, da dogon wando mara nauyi. Mata su sa wando a ciki da hijabi mai tsayawa a ƙugu, don doguwar riga tana kama reshe kuma tana ɓoye wa mace inda take taka ƙafa. A sa rigar ruwa a jaka, da tocila, wayar hannu kuma a ɗaure ta a leda. A sama za ku ji bambanci, domin kowace mita 1,000 da aka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6. Digiri huɗu ko biyar da za su ragu a hawan Agu ba wani abu ba ne, amma ga wanda rigarsa ta jiƙe sharkaf, iska na kaɗawa, sai ya fara karkarwa. Busasshiyar riga ɗaya ta sauyawa tana maganin wannan.

Ku yi lissafin lokaci tun a ƙasa: awa ɗaya ga kowace kilomita 4, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 350 ta hawa. Daga ƙauyukan gindin dutsen zuwa sama hawan ya kai mita 700 ko kusa da haka, wato ku sa awa uku zuwa huɗu na hawa da hutawa, biyu zuwa uku na sauka. Ku tashi da ƙarfe 6 na safe, ku ƙudura cewa ƙarfe 12 na yi za ku juyo, kun kai ko ba ku kai ba. A can rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, ƙarƙashin itatuwa kuma duhu na riga faɗuwarta shiga, hadari ma ya fi haɗowa da yamma. In kun ga walƙiya ku ƙirga daƙiƙa har ku ji tsawa: kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In bai kai daƙiƙa 30 ba, ku sauka daga ƙololuwa da doron dutse, ku nisanci eriyoyin da ke sama da duk itacen da ya tsaya shi kaɗai.

Yawancin targaɗe a sauka ake yin sa, lokacin da ƙafa ta gaji, hankali kuma ya koma masauki. Gajeren taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, sanda a hannu, inda ya yi tsaye a sauka a karkace. A taka ƙasa tsakanin saiwoyi, ba kan saiwa ba. Kuma ku bar tazara tsakaninku, kada wanda ya zame ya kwashe na gabansa.

Ina unguwar Yantala. Maigidana yana so ya kai mu mafaɗar ruwa da yara uku, babban shekararsa 12, ƙaramar 6. Ta tsakiyar tana da sikila. Yaran sai murnar wanka suke yi, ni kuwa gabana na faɗuwa. Me za ku ce?

Hajiya, faɗuwar gabanki tana kan hanya, amma ba ta kai a fasa tafiya ba. Wome, wadda ba ta da nisa da Kpalime, ita aka fi kai iyali. Ana gangara mata ta matakala masu tsayi da santsi, ƙaramar ta kasance hannunta a cikin na babba daga farko har ƙarshe, kuma ki tuna duk abin da aka sauka sai an hau shi a dawowa.

A bakin ruwan, dokar farko ita ce kada kowa ya yi tsalle ya faɗa. Ruwan da ke zubowa yana haƙa rami a inda yake sauka, sai a ga gefe iya gwiwa, taku biyu gaba ya shanye mutum. Duwatsu da kututture kuma suna sauya wuri bayan kowane ruwan sama. Jagora ya nuna iyakar inda yara za su tsaya, babban da ya iya ruwa ya tsaya a ciki tsakaninsu da zurfin. Kada su shiga ƙarƙashin zubowar ruwan, ƙarfinsa na danna yaro ƙasa, kuma yakan taho da tsakuwa ko reshe. Ɗaukar hoto a kan jiƙaƙƙen dutse, ana ja da baya ana kallon waya, ya jawo karaya da yawa a irin waɗannan wurare.

Abu na biyu kin san shi tun a gida. Kin ga yadda kori ke tasowa da ruwa alhali ko ɗigo bai sauka a unguwa ba, saboda an yi ruwan a can sama? Haka ƙoramar dutse take, sai dai ita kwazazzabonta matsattse ne, ba wurin gudu. In ruwan ya fara sauya launi zuwa ja, ko ganye da ƙirare suka fara yawa a kansa, ko ƙarar ta ƙaru, ko kuka ji tsawa ta wajen dutse, a fito nan take a hau sama, ko da an bar takalmi.

Ita mai sikila, tsayin wuraren nan bai kai ya rage mata iska ba. Abin da zai iya tayar da ciwon a can uku ne: sanyin ruwa, ƙishirwa, da gajiya. Ruwan dutse yana da sanyi sosai, yana tsuke jijiyoyin jini. Ta tsoma ƙafa ta yi wasa a gefe, amma kada ta nutsa jikinta, kada kuma ta zauna da jiƙaƙƙen kaya. Ta fi kowa shan ruwa, a huta da ita a kan matakala duk lokacin da ta nema. Ku je wurin likitanta kafin tafiya, ku riƙe magungunanta da takardarta. In ciwon ƙashi ya tashi bai lafa da maganin gida ba, ko zazzaɓi, ko numfashi ya yi wuya, Kpalime na da babban asibiti, kada a jira komawa Lome.

Sauro a can ba shi da damana ba shi da rani, saboda haka ku tafi da sangenku, kada ku dogara da na masauki. A bakin ruwa mai gudu kuma akwai wani ɗan baƙin ƙuda mai cizo da rana, irinsa ne ke ɗaukar cutar da ke makantar da mazauna bakin kogi, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a Janairun 2025 cewa Nijar ta rabu da ita. Ziyarar yini ɗaya ba ta cika jawo cutar ba, sai cizon shekaru, amma cizon yana ƙaiƙayi ƙwarai. Dogon hannu, dogon wando, da man korar sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 a fatar da ke waje. Ruwan da ke kwance, irin na madatsa ko tafki mai ciyawa, kada yara su shiga, can ake kwasar tsargiya. Duk wanda ya yi zazzaɓi a cikin wata ɗaya da dawowa, a yi masa gwajin jini ranar.

Malam, yaya batun salla da abinci ga Musulmi a can? Daga wani almajiri a Bukoki.

Ba za ka rasa ƴan'uwa ba. Kpalime tana da zango da masallatai, akwai Hausawa da Kotokoli da Zabarmawa, nama kuma ka saya a hannun mahautan zango. A ƙauyukan kan dutse mafi yawa Ewe ne, Kiristoci da masu addinin gargajiya. Abincinsu sakwarar doya da rogo, ka tambayi naman da ke cikin miya kafin a zuba, domin akan sa alade ko naman dajin da ba a yanka ba. Farin ruwan da za a miƙo maka a ƙwarya yana iya zama bammi, ka yi godiya ka ce ba ka sha. Ayaba da abarba da fiya da gyaɗa sun isa guzurin yini.

Lokacin salla ka bi na wurin, wayarka ta koma agogon Togo. Alƙibla a Yamai tana wajen digiri 72 daga arewa, a Kpalime wajen 65, wato ka ɗan ƙara karkata hagu. Daga Lome zuwa Kpalime ya wuce tazarar ƙasaru, wadda malamanmu na Malikiyya suka ƙiyasta da wajen kilomita 80, kuma matuƙar ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, hukuncin matafiyi ne a kanka. Ka riƙe leda mai faɗi ta shimfiɗawa ƙarƙashin darduma, ƙasa ba ta bushewa.

Direba ne ni, ina ɗauko motoci daga Lome. Ina so in hau da ƙaramar mota har saman Agu da Kloto. Shekarata 15 a kan sitiyari, amma ban taɓa tuƙin dutse ba.

Madalla da ka tambaya, ɗan'uwa, domin hanyar Yamai zuwa Ƙonni ba ta koya wa kowa wannan. Hawa ba ya da wuya: giya ta ɗaya ko ta biyu, ka kashe na'urar sanyi, idonka a kan allurar zafin inji. In ta haura, ka tsaya ka bar injin yana aiki a hankali, kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa.

Sauka ita ce ke kisa. Direban fili yakan ɗora ƙafa a kan birki ya bar ta. A gangara mai tsawon kilomita da yawa takalman birki suna yin zafi har su daina kamawa, man birki kuma, in ya tsufa ya sha laima, sai ya tafasa ya yi kumfa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa. Motocin da ake saukewa daga jirgi galibi ba wanda ya san shekarar da aka sauya musu man nan, alhali duk shekara biyu ya kamata. Ka sa makaniki ya sauya shi, ya duba kaurin takalman. Sannan ka sauka da giyar da ka hau da ita, injin ya riƙe motar. In mai sauya giya da kanta ce, ka mayar da ita kan L ko 2. Ka taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci, ka saki ya sha iska, ka sake. Kada ka saki giya don tsimin mai, kada ka kashe inji. Ka ji ƙauri, ka tsaya a wuri mai faɗi minti 20, ka sa dutse a taya, kada ka watsa wa birkin ruwa.

Hanyoyin ƙunci gare su, ga masu babur da mata ɗauke da itace a bayan kowace kwana. Ka yi oda kafin kwana, ka tsaya a hannunka, mai sauka ya ba mai hawa hanya. Zanen taya kada ya gaza milimita 3, robar share gilashi ta zama mai rai. In hazo ya rufe, ƙaramar fitila, ba babba ba. Bayan magariba kuwa kada ka hau, kada ka sauka.

Maigidana ya dawo daga can da wasu marurai biyu a baya, yana cewa yana jin abu na motsi a ciki. Mutane na cewa jifa ne. Kuma ni macizai nake tsoro, tunda ya ce zai koma da ni. Daga wata ƴar'uwa a Tawa.

Ƴar'uwa, ki kwantar da hankalinki, alamun da kika faɗa sun yi kama da tsutsar wani ƙuda da ya yawaita a ƙasashen kurmi. Yana yin ƙwai a kan jiƙaƙƙen tufafin da aka shanya a ƙasa ko a inuwa, in an sa kayan tsutsar ta shige fata ta girma a ciki har kwana 8 zuwa 12. Ki duba tsakiyar marurun, za ki ga ƴar ƙofa, ta nan take numfashi. Ku je asibiti a tabbatar. Yadda ake yi shi ne a toshe ƙofar da basilin mai kauri, iska ta yanke mata, ta leƙo, a matsa gefe da gefe a hankali ta fito ɗungurungum, a wanke wurin. Kada a tsaga da reza, kada a matse da ƙarfi ta fashe a ciki, nan ne yake ruruwa. Rigakafinsa guga: duk abin da aka wanke a can, har kayan ciki da tawul, a shanya a igiya cikin rana, a goge ciki da waje da dutsen guga mai zafi, a bi kan ɗinki.

Macizai akwai su, har da kore mai zama a kan itace da manyan dangin kasa masu kwanciya cikin busasshen ganye, amma mai bin hanya a bayan jagora da wuya ya gamu da su. Rufaffen takalmi, tocila da dare, kada a cusa hannu a rami ko ƙarƙashin kututture. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau, kada a ɓata lokaci wajen baƙin dutse. A cire zobe da awarwaro, a ɗaure gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauki mutumin a kai shi asibiti. Abin da za ki fi gamuwa da shi kwarkwasa ce, baƙin layi a tsallaken hanya. Ki tsallake da sauri, ki buga ƙafa a gaba, kuma ki cusa bakin wando cikin safa.

Shekara 40 ina sayar da goro a kasuwar Tawa, ban taɓa ganin itacensa ba. An ce akwai shi a can. Za a bar ni in gani?

Za a bar ka, Baba, kuma tafiyar ta cancanta. Kakanninmu fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Gwanja saboda goro, suna saye a kasuwar Salaga da ke arewacin Gana ta yanzu, ba sa shiga kurmin da yake fitowa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ne suka watsu zuwa Kete-Karachi da Lome da sauran garuruwa, zangunan yankin da yawa daga nan suka bunƙasa.

Itacen yana tsaye a cikin gonakin koko da kafe a kewayen Kuma-Konda da jikin Agu. Dogo ne mai duhun ganye, yakan wuce mita 10, yana yin shekara shida ko bakwai kafin ya fara haihuwa. Goron yana cikin wani koren kwanso mai gurje-gurje, in an fasa za ka ga ƙwayoyi a jere, kowace da farar riga. Sai an jiƙa ko an tara su sun yi kwanaki rigar ta saki, a wanke, kafin ya zama goron da ka sani. Daga Oktoba zuwa Disamba ne aka fi samun sa a kan itace.

Ka ɗauki jagora ɗan ƙauyen, ku yanke kuɗi da wuraren zuwa tun kafin a ɗaga ƙafa, ka tambaya ko kuɗin shiga na ƙauye yana ciki. Duk itacen da ka gani a kurmin nan yana da mai shi, ko da ba shinge. Kada a tsinki komai sai mai gona ya miƙo, ka kuma ba shi wani abu. Inda ka ga an ɗaura ƙyalle ko ganyen kwakwa a jikin itace, wurin ibadarsu ne ko alamar hani, a wuce ba a taɓa ba. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, a kan Agu kuma kada a ɗauki eriyoyi da masu gadinsu. Ka ce a fasa maka ɗanyen koko ka tsotsi farin da ke jikin ƙwayar, yana da zaƙi da ɗan tsami.

In ka sayi sabon goro, ka sa a naɗe maka shi da ɗanyen ganye a cikin kwando, ba a leda ba, don leda na sa shi gumi ya ruɓe. Da ka baro kurmi ka shigo busasshiyar iska, ka riƙa yayyafa wa ganyen ruwa kaɗan, ka buɗe bayan kwana biyu ko uku ka tsince wanda ya fara taɓuwa.